Yadda Za Ka Zaɓi Manhajar Tsara Shafin Intanet Idan Ba Ka Iya Rubuta Kod Ba

Duk wanda yake son kafa shafin intanet na makarantarsa, ko na shagonsa, ko na ƙungiyarsu, alhali bai iya rubuta HTML da CSS ba, wato kod ɗin da ake gina shafi da shi, zai tarar da manhajoji masu yawa suna yi masa alƙawari iri ɗaya: ya jawo hoto da linzamin kwamfuta ya ajiye shi inda yake so, ya buga rubutu kamar yadda ya saba a Microsoft Word, ita kuma manhajar ta rubuta kod ɗin a ɓoye. Su ake kira WYSIWYG, wato abin da ka gani a allo shi ne abin da zai fito. Dabarar ta daɗe, domin burauzar farko da Tim Berners-Lee ya rubuta a cibiyar binciken kimiyya ta CERN a 1990 tana buɗe shafi kuma tana gyara shi. Abin da ya sauya shi ne yawan manhajojin, da kuma yadda kowace take riƙe aikin mai amfani da ita.

Mafi yawan mutane da kyan samfuran da manhaja ta baje musu suke yin zaɓi, kuma a ganina wannan shi ne ma'auni mafi rauni, saboda a yau kusan kowace tana da samfura masu ɗaukar ido. Abin da ya raba su shi ne irin shafin da suke haifarwa, da wurin da suke ajiye shi, da ko za ka iya kwashe aikinka ka koma wani wuri ranar da farashi ya tashi ko kamfanin ya daina kula da manhajar. A kan waɗannan ya kamata a gina zaɓi.

Fara da aikin kafin ka duba manhaja

Kafin ka sauke komai, ka ɗauki takarda ka rubuta shafuka nawa kake bukata, da sau nawa za a riƙa sauya abin da ke cikinsu, da wanda zai riƙa yin sauyin. Shafin asibiti mai zaman kansa da ke nuna adireshi da lokutan ganin likita da lambar waya zai iya shekara ba a taɓa shi ba, don haka fayilolin HTML biyar ko shida sun wadatar da shi. Shafin jarida ko na makarantar da ke fitar da sanarwa kowane mako yana bukatar rumbun bayanai da hanyar da mutane da yawa za su shiga su yi rubutu, kowa da kalmar sirrinsa. Shagon da ke karɓar kuɗi ta intanet kuwa bukatarsa ta wuce waɗannan biyun. Tambayar wanda zai riƙa kula da shafin ita aka fi mantawa, kuma ita ta fi jawo matsala daga baya, domin idan kai ka gina shi a kwamfutarka da manhajar da kai kaɗai ka mallaka, to duk gyaran da ya taso, ko da harafi ɗaya ne, sai an nemo ka.

Rukuni uku da ake da su

Rukuni na farko shi ne manhajojin da ake sakawa a kwamfuta, a yi aiki ko babu intanet, sannan a tura fayilolin zuwa sabar kamfanin da ke ba shafin masauki, wato kwamfutar da ke ajiye shafin tana miƙa shi ga masu ziyara. A cikinsu akwai Dreamweaver, wadda Macromedia ta fitar a 1997 kafin Adobe ta sayi kamfanin a 2005, da Pinegrow, da Bootstrap Studio, da Mobirise, da Publii, sai RapidWeaver da Blocs ga masu kwamfutar Mac. Ko a cikin wannan rukuni akwai bambancin da ya kamata a lura da shi. Pinegrow da Dreamweaver suna buɗe fayil ɗin HTML kai tsaye su gyara shi, saboda haka shafin da aka fara da su ana iya ci gaba da shi a kowace manhajar rubuta kod. Bootstrap Studio da Mobirise kuwa suna ajiye aikin a fayil nasu na musamman, sai an gama su fitar da HTML daga cikinsa, wanda ke nufin idan fayil ɗin asali ya ɓata, shafin yana nan a intanet amma gyara shi ta hanyar jawowa da ajiyewa ya zama da wuya ƙwarai.

Rukuni na biyu shi ne waɗanda ake amfani da su a cikin burauza, kamfanin kuma ya haɗa manhajar da masaukin a farashi ɗaya: Wix, da Squarespace, da Weebly, da Webflow, da Google Sites wadda kyauta ce. Babu abin da ya kai su sauƙi ga sabon shiga, domin babu sakawa, babu tura fayil, kuma tsaro da sabuntawa duk suna wuyan kamfanin. Sai dai zaman da ake yi a cikinsu zaman gidan haya ne: kana iya yin fenti ka shirya kaya yadda kake so, amma ginin na mai gida ne, kuma shi ke yanke kuɗin shekara.

Rukuni na uku shi ne WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, kuma a yau sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke. Tun daga fitowa ta 5.0 a Disamba 2018 tana zuwa da editan tubala da ake kira Gutenberg, daga fitowa ta 5.9 a Janairu 2022 kuma ana iya tsara kan shafi da ƙasansa da shi. A kan wannan ne wasu ke ɗora Elementor ko Divi ko WPBakery domin samun ƙarin 'yancin tsarawa. A kula cewa manhajar WordPress da ake sakawa a masaukin da mutum ya biya daban take da hidimar WordPress.com, inda tsarin kyauta ba ya barin a saka irin waɗannan ƙarin manhajoji.

Duba ko manhajar tana da rai

A nan ya kamata a tsaya a natsu, domin fannin nan cike yake da manhajojin da suka yi tashe suka shuɗe, kuma har yanzu akwai shafukan da ke tallata su kamar jiya aka fitar da su. Microsoft ta sayi FrontPage daga kamfanin Vermeer a 1996, ta fitar da ta ƙarshe a 2003, ta maye gurbinta da Expression Web, sannan ita ma ta daina haɓaka ta a ƙarshen 2012. Waɗanda suka gina fom da ma'aunin baƙi da FrontPage sun dogara ne da wasu ƙarin manhajoji da sai an saka su a sabar suke aiki, kuma da kamfanonin masauki suka cire su, fom ɗin suka daina aiki. Adobe ta dakatar da GoLive a 2008, ta sanar da dakatar da Muse a 2018. Apple ta yi watsi da iWeb, kuma hidimar MobileMe da mutane ke ɗora shafukansu a kai ta rufe a Yuni 2012. A ɓangaren manhajojin kyauta, Nvu ta kai fitowa ta 1.0 a 2005 ta tsaya, KompoZer da ta gaje ta ba ta sake fitowa ba tun gwajin 2010, BlueGriffon kuma fitowarta ta ƙarshe a 2019 ce. Ko Dreamweaver, wadda har yanzu ake biyan kuɗinta ta tsarin Creative Cloud na Adobe, ƙananan gyare-gyare kawai take samu a 'yan shekarun nan.

Masu ba da masauki ma ba su tsira ba. Yahoo ta rufe GeoCities a Oktoba 2009 da miliyoyin shafukan jama'a a ciki, kuma a Maris 2024 Google ta kashe ƙananan shafukan kyauta da 'yan kasuwa suka buɗe ta hanyar bayanan kasuwancinsu a Google. Girman kamfani ba ya ba da tabbacin cewa hidimarsa za ta ɗore.

Illar tsohuwar manhaja ta wuce rashin sabuntawa. FrontPage da KompoZer an yi su ne a zamanin da kowa ke buɗe intanet a kwamfutar tebur, lokacin da ake jera shafi cikin jadawali mai faɗin da ba ya motsi. Ethan Marcotte ya bayyana dabarar shafin da ke daidaita kansa da girman allo a 2010, HTML5 kuma ta zama tabbataccen ma'auni a 2014, don haka manhajar da ta tsaya kafin nan ba ta san da waɗannan ba. Shafin da ta haifar zai fito a waya da ƙananan haruffan da sai an buɗa da yatsu biyu kafin a karanta. Saboda haka ka shiga shafin kamfanin da kansa ka nemo jerin fitowar manhajar da ranakunsu. Idan an shekara biyu ba a taɓa ta ba, ka wuce ta ko da kyauta ce.

Gwada biyu ko uku da shafi iri ɗaya

Bayan ka tace, ka riƙe manhajoji biyu ko uku, ka gina shafi guda a kowace: take, da sakin layi uku, da hotuna biyu, da jerin mahaɗai a sama, da fom na tuntuɓa. Kusan dukkansu suna da tsarin kyauta ko kwanakin gwaji, kuma yini ɗaya ya isa. Ka yi amfani da rubutunka da hotunanka na gaskiya, domin samfurin kamfani an zaɓa masa hotuna da tsawon jimlolin da za su sa ya yi kyau.

Gwajin farko ga mai shafin Hausa shi ne haruffa masu lanƙwasa. Ka buga jimla irin wannan a take da kuma cikin rubutu: "Ƙanwar Ɗanladi ta ɓoye ƙwarya a ɗaki." Idan masu karatunka suna Nijar, ka haɗa da ƴ. Sannan ka buɗe shafin a waya da kwamfuta ka duba da kyau. Matsala iri biyu ke faruwa. Ta farko ita ce haruffan su rikiɗe su zama alamar tambaya ko tarkacen alamomi, wanda yawanci ke nuna ba a ajiye shafin da UTF-8 ba, wato tsarin adana haruffa da ke ɗauke da irin waɗannan, kuma tsofaffin manhajojin Windows sun yi suna da wannan. Ka danna Ctrl da U a burauza ka nemi inda aka rubuta charset="utf-8" a saman kod ɗin, ka kuma duba ko manhajar tana bari a saita harshen shafi ya zama lang="ha". Ta biyu ta fi ɓoyuwa: salon haruffan da samfurin ya zo da shi ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai burauza ta aro su daga wani salon, su fito da kauri ko tsawon da ya bambanta da sauran, ko kuma su fito a matsayin ɗan akwati. Maganinta shi ne manhajar ta ba ka damar sauya salon zuwa wanda ke ɗauke da su, irin su Noto Sans, ko Andika da Charis da Gentium na ƙungiyar SIL. Manhajar da ta ɗaure ka da 'yan salonta kaɗai, ba ta kuma yarda ka ɗora naka ba, ba ta dace da shafin Hausa ba komai kyanta. Ga makarantun Islamiyya da masu buga ajami, a gwada sakin layin da ke tafiya daga dama zuwa hagu a tsakiyar rubutun boko, a ga ko wasulla suna zama a mazauninsu. SIL tana da Harmattan da aka yi domin ajamin Afirka ta Yamma, da Alkalami mai bin salon rubutun Kano. A adireshin shafuka da sunayen fayiloli kuwa gara a yi amfani da haruffa marasa lanƙwasa, saboda mahaɗin ya yi sauƙin turawa ta WhatsApp ba tare da ya rikiɗe ya zama dogon jerin lambobi ba.

Gwaji na biyu shi ne waya. Kada ka wadatu da ɗan hoton waya da manhajar ke nunawa a gefe. Ka ɗora shafin, ka buɗe shi a ƙaramar wayar Android mai araha da datar layin waya, domin da irinta mafi yawan baƙinka za su zo. Ka duba ko rubutu yana hawa kan hoto, ko maɓallai suna dannuwa da babban yatsa, ko sai an ja shafin gefe kafin a ga ƙarshen layi. Manhajojin da ke barin a ajiye abu a ko'ina a allo, kamar editan Wix na asali, sukan bukaci a sake shirya fasalin waya daban, kuma duk lokacin da aka ƙara abu sai an koma an duba. Waɗanda ke tilasta jera abubuwa cikin layuka da ginshiƙai suna da ɗan takura a farko, amma shafinsu ya fi zama daidai a kowane allo, kuma ni su nake fifitawa.

Gwaji na uku shi ne nauyi. A Chrome ka danna F12, ka shiga sashen Network, ka sake loda shafin, za ka ga adadin abin da aka sauke a ƙasa. Shafi mai rubutu da hotuna biyu bai kamata ya kai megabait da yawa ba. Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai megabait 3 zuwa 5, saboda haka ka lura ko manhajar tana rage shi da kanta ta mayar da shi WebP, wato nau'in hoto mai ƙarancin nauyi, ko kuwa tana tura wa kowane baƙo shi yadda yake. Idan ba ta ragewa, Squoosh tana yin wannan kyauta a burauza. PageSpeed Insights ta Google za ta nuna maka abin da ke jinkirta shafin, mai tantance kod na W3C, ƙungiyar da ke tsara ma'aunan shafukan intanet, kuma zai nuna kurakuran HTML. Ba sai ka fahimci kowane layi ba. Ya isa ka kwatanta sakamakon manhajojin da juna, domin kowane kilobait na banza datar mai ziyara yake ci, kuma wanda datarsa ke ƙarewa ba ya jiran shafi mai nauyi.

Ka kuma duba ƙananan abubuwan da ba a gani: ko za ka iya rubuta taken kowane shafi da taƙaitaccen bayaninsa domin Google, da bayanin hoto domin makafi masu amfani da manhajar karanta allo, da kuma inda saƙon fom yake zuwa. Shafin HTML zalla ba ya iya aika saƙo da kansa, sai an haɗa shi da wata hidima ko wani ɗan shiri a sabar.

Gwajin fita

Wannan shi ne gwajin da na fi ba muhimmanci, kuma tun ranar farko ake yin sa. Ka nemi maɓallin fitar da aiki, ka danna, ka buɗe abin da ya fito. A manhajojin kwamfuta za ka samu folda mai HTML da CSS da hotuna, wadda za ka iya turawa kowane masauki da manhajar tura fayil ta FileZilla, ko ka ɗora kyauta a GitHub Pages ko Netlify ko Cloudflare Pages. Wix ba ta barin a kwashe shafi a kai shi wata sabar, don haka mai barin ta sabon gini zai yi. Squarespace tana fitar da wani ɓangare na rubutu a fayil ɗin da WordPress ke karɓa, amma fasalin ba ya biyo shi. Webflow tana fitar da kod mai tsabta ga wanda ya biya tsarin da ya dace, sai dai abin da ke cikin rumbun bayananta da aikin fom da na shago ba sa tafiya tare da kod ɗin. A WordPress rubutu da hotuna da rumbun bayanai duk naka ne, amma ka gwada kashe ƙarin manhajar tsarawar ka ga abin da zai rage: Elementor takan bar rubutu da hotuna ba fasali, WPBakery da tsofaffin fitowar Divi kuwa sukan bar tarkacen gajerun kod a tsakanin jimloli, wanda share shi a shafuka ɗari aiki ne na makonni. Wannan ne dalilin da ya sa nake ba masu yawan rubutu shawarar su tsaya a editan tubala na WordPress ɗin kanta, su bar manhajar tsarawa ga shafin farko kawai idan ta zama dole.

Kuɗi da wuta da data

Ka lissafa kuɗin shekara uku, kada ka tsaya a na watan farko, domin rangwamen shiga yakan ƙare a sabuntawa. Mafi yawan waɗannan kamfanoni da dala suke karɓa, kuma mai biya da naira ya san yadda kuɗin da bai sauya a dala ba yake ninkawa a aljihunsa, ga shi kuma ba kowane katin banki ke biyan kuɗin waje a kowane lokaci ba. Idan biya ya gagara a rukuni na biyu, shafin kansa ke shiga matsala, alhali fayilolin HTML da ke masaukin gida da ake biya da naira ba ruwansu da wannan. Tsarin kyauta na Wix yana saka tallar kamfanin a shafinka, kuma adireshin yana ɗauke da sunan wixsite, abin da bai dace da makaranta ko kamfanin da ke neman a yarda da shi ba.

Manhajojin burauza suna cin data duk tsawon lokacin aiki kuma suna son kwamfuta mai ƙarfi, don haka wanda intanet ɗinsa ke yankewa zai fi samun natsuwa da manhajar kwamfuta. Ko WordPress ana iya gina ta ba intanet a kwamfutarka da manhajar Local ko XAMPP, a ɗora bayan an gama. Abin da nake gargaɗi a kai da babbar murya shi ne kwafin sata na Elementor Pro ko na samfuran kuɗi da ake rabawa a Telegram da shagunan kwamfuta, saboda sau da yawa an cusa musu kod ɗin da ke buɗe wa ɓarayi ƙofa, kuma ba sa samun gyaran tsaro. Fitowar kyauta ta halal ta fi su aminci nesa ba kusa ba.

Abin da ya dace da wa

Mai son shafi na wucin gadi domin taro ko aikin aji, Google Sites ta ishe shi. Mai ƙaramin kasuwanci da ke son shafuka kaɗan waɗanda ba sa yawan sauyawa zai fi cin riba da manhajar kwamfuta mai fitar da HTML: Mobirise ko Publii idan sauƙi yake nema, Pinegrow ko Bootstrap Studio idan yana da niyyar koyon sana'ar, domin suna nuna kod a gefen zane, kuma ta haka ake gane abin da ke faruwa a ƙasa. Jarida da makaranta da ƙungiya mai marubuta da yawa WordPress ce tasu. Wix da Squarespace sun dace da wanda ke da hanyar biyan dala ba tangarɗa, ba ya son wahalar kula da sabar, kuma ya yarda tun farko cewa ranar tashi sabon gini zai yi.

Kowace ka zaɓa, ka yi rajistar sunan adireshin da sunanka ko na ƙungiyarku, da imel ɗin da kuke iko da shi, ko da wani ne ya gina muku shafin. Sunayen da ke ƙarewa da .ng da .com.ng suna ƙarƙashin hukumar NiRA, kuma ana sayen su da naira daga dillalan da ta amince da su. Ka tabbatar masaukin yana ba da HTTPS, wato tsarin da ke kare bayanai tsakanin shafi da mai ziyara, wanda Let's Encrypt ke bayarwa kyauta, domin tun Yuli 2018 Chrome take yi wa shafin da ba shi da shi tambarin rashin tsaro. Daga nan ka ajiye fayil ɗin asali na aikin, da foldar da aka fitar, da hotunan kafin a rage su, a wurare biyu daban, ka rubuta sunan manhajar da lambar fitowarta da asusun da aka biya da shi a takarda, ka miƙa kwafi ga mutum na biyu a ƙungiyar, ka kuma zauna da shi ya sauya lambar waya ɗaya a shafin da hannunsa kafin a sanar da jama'a adireshin.